Hasumiyar da Ke Gadin Bakin Tekun Legas

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Mu da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, akasarinmu abincinmu ta teku yake shigowa. Direban tirelar da ke kwana a layin Apapa da ɗan kasuwar da ke jiran kwantenarsa, duk jirgi suke jira. Amma mutum nawa a cikinmu ya taɓa ɗora ido a kan hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen nan hanya? Tana can Tarkwa Bay, inda mota ba ta zuwa. Sai ka hau kwalekwale mai inji, a ɗaura maka rigar ruwa, ka bi ta gindin manyan jiragen da sai ka ɗaga kai kafin ka ga samansu, ka sauka, sannan ka taka yashi har ka iske ta. Tun zamanin Turawa take tsaye a wurin, iska mai gishiri na dukanta dare da rana.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne labarin wata 'yar'uwarta a Ingila, wato Eddystone, wadda aka gina kan wani dutse a tsakiyar teku, nesa da garin Plymouth. Sau huɗu ana gini a wurin. Ta farko, Henry Winstanley ya kunna fitilarta a 1698, guguwar 1703 ta share ta, shi kansa yana ciki. Ta biyu ta katako ce, gobara ta cinye ta a 1755. Mai gadinta, wani dattijo Henry Hall mai shekara 94, yana ɗaga kai yana watsa ruwa sai narkakkiyar darma ta zubo masa a baki. Ya faɗa, aka ƙi yarda, sai bayan rasuwarsa likita ya ciro dunƙulen daga cikinsa.

Ta uku ce abin dubawa. John Smeaton ya kammala ta a 1759, ya sassaƙa duwatsun yadda kowane zai cije wa ɗan'uwansa, ya haɗa su da wata irin farar ƙasa mai daskarewa ko a cikin ruwa. Ta yi sama da shekara ɗari. Ginin bai gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashinsa ne teku ta rarake. Da aka gina ta huɗu a 1882, mutanen Plymouth suka ƙi yarda a zubar da tsohuwar. Aka kwance samanta dutse bayan dutse, aka kai tudu aka sake ɗorawa. Yau baƙi na hawanta, kututturenta kuma yana nan cikin ruwa kusa da sabuwar, wadda tun 1982 ba mai kwana cikinta, na'ura ke kunna ta.

To mu fa? Za a ce jiragen yanzu da tauraron ɗan'adam suke tafiya, me za a yi da tsohuwar fitila. Na'ura takan ɗauke, masunci mai ƙaramin kwalekwale kuwa idonsa ne na'urarsa. Kuma mun ga yadda tsohon gini ke tafiya a garin nan. Gidan Ilojo Bar na dandalin Tinubu yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma a jajibirin Babbar Sallar 2016 aka rushe shi. Wanda ke tsakiyar gari ke nan, idon kowa a kansa, balle wadda ke bayan ruwa.

Kiranmu ga Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa shi ne su haɗa kai tun tana tsaye: a kankare tsatsa, a yi fenti, a kafa allo mai bayanin tarihinta, har da Hausa da Yarbanci. Malaman makarantunmu na Agege kuma, in hutu ya zo, a ɗauki yara a kai su su gan ta.

A huta lafiya.