Ka Rubuta False, Python Ya Ji True: Ina Matsalar Take?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi allo tukuna kafin in ce komai.

A allo: taminal a buɗe, ana rubuta
python tsaftace.py hotuna --goge False
An danna Enter. Sunayen fayiloli suna ta wucewa, kowanne da "an goge" a gabansa.

Kun gani ko? An ce masa False, kada ya goge, shi kuwa ya share foldar tas. Masu koyon Python suna yawan kawo wannan ƙorafi, kuma galibi argparse, wato kayan aikin Python mai karanta zaɓuɓɓukan da aka rubuta a layin umarni, ake ɗora wa laifi, a ce ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Akwai mataki ɗaya tsakanin madannai da shirinka wanda ake tsallakewa, a kansa za mu zauna yau. Sauran za mu bi su da gudu.

Da ka danna Enter, shel ne ke fara karɓar layin, wato shirin da ke karɓar umarni a taminal, Bash ko Zsh ko makamancinsu. Shi ke yanka shi a duk inda ya ga sarari a wajen alamar zance, ya miƙa wa Python gutsattsarin, Python ya jera su a cikin sys.argv.

A allo:
print(sys.argv)
['tsaftace.py', 'hotuna', '--goge', 'False']

Ku tsayar da bidiyon a nan idan da hali. Ku dubi na ƙarshen. Kun ga alamar zance a gaba da bayansa? Rubutu ne, haruffa biyar, F, a, l, s, e. Bai da wata alaƙa da False ɗin nan na Python mai nufin ba haka ba ne. Duk abin da ya shigo ta layin umarni a matsayin rubutu yake shigowa. Ko 30 ka rubuta, abin da zai iso shi ne alamar 3 da alamar 0 a jere, ba za ka iya lissafi da su ba sai an juya su.

Aikin juyawar nan shi ne muke ba argparse. Kafinsa akwai getopt, wanda aka kwaikwayo daga yaren C, sannan optparse. argparse, wanda Steven Bethard ya rubuta, ya shiga cikin Python 2.7 a 2010, da Python 3.2 a 2011. Ba sai ka sauke komai ba, tare da Python yake zuwa.

A allo:
p = argparse.ArgumentParser()
p.add_argument('folda')
p.add_argument('--kwana', type=int, default=30)
p.add_argument('--goge', type=bool, default=False)
args = p.parse_args()

Layi na uku yana aiki daidai. Ka rubuta --kwana 7, ka samu lamba 7. Ka rubuta --kwana bakwai, argparse ya dakatar da kai, ya ce invalid int value, ya fita da lambar kuskure 2. Madalla. To mai koyo ya ga haka, sai ya ce tunda int ya yi aiki, bool ma zai yi. Tunani ne mai kyau, kowa ma haka zai yi zato.

Ga inda zaren ya tsinke. Mutane suna ɗaukar type a matsayin sanarwa, kamar kana gaya wa argparse irin abin da kake jira. Abin da kake yi a zahiri shi ne kana miƙa masa ma'aikacin da zai kira. argparse zai ɗauki rubutun da aka shigar, ya danƙa wa wannan ma'aikaci, duk abin da ya dawo da shi ya ajiye maka. type=int na nufin a kira int('7'). type=bool na nufin a kira bool('False'). Shi ke nan, babu wani sirri a ciki.

Bari mu kira shi da hannunmu mu ga.

A allo, ɗaya bayan ɗaya, a hankali:
bool('True') → True
bool('False') → True
bool('0') → True
bool('babu') → True
bool(' ') → True
bool('') → False

Ku sake kallon jerin. Har sarari guda ɗaya True ya bayar. Guda ɗaya tak ya zama False, wanda babu komai a cikinsa.

int yana karanta abin da aka ba shi. bool kuwa kamar mutum ne da ka miƙa wa ambulan, ya ɗaga ya ji ko da takarda a ciki. In akwai, ya ce eh. Ba ya buɗewa, balle ya ga cewa "a'a" aka rubuta a takardar. Wannan ƙa'idar Python ce tun asali: rubutun da ba fanko ba gaskiya ne. Takardun bayanin argparse su kansu sun yi gargaɗi cewa kada a yi amfani da bool a wannan wuri.

Abin da ya fi damuna da wannan kuskure shi ne yadda yake ɓuya. Ka gwada --goge True, ya goge, ka ji daɗi. Ka gwada ba tare da --goge ba, bai goge ba, ka ce an gama. Gwaji biyu sun wuce lafiya. Sai ranar da wani mai taka-tsantsan ya ce bari ya rubuta False ƙarara don ya tabbatar, shi ne zai rasa fayilolinsa. Kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito.

Akwai ƙanensa ma.

A allo: default='False', an zagaye alamar zancen da ja.

Idan default ɗinka, wato abin da za a ɗauka in ba a rubuta zaɓin ba, rubutu ne, argparse yana bi da shi ta cikin type kamar mutum ne ya shigar da shi. Ke nan ko ba a rubuta --goge ba sam, True za a samu.

To, gyara. Na farko, kuma shi na fi so:

A allo:
p.add_argument('--goge', action='store_true')

Yanzu --goge ba ya karɓar komai a bayansa. In an rubuta shi, True. In ba a rubuta ba, False. Ka gwada tsohon layin nan mai False, zai ƙi, ya ce unrecognized arguments, bai taɓa fayil ko ɗaya ba. Sai dai a kula, in ka manta sunan folda ka rubuta --goge False kawai, zai ɗauki False a matsayin sunan foldar. Ra'ayina dai, duk umarnin da ke share abu ko tura saƙo ko taɓa kuɗi, a bar shi a kashe, sai mutum ya kunna da kansa.

Na biyu, idan kana son a iya kunnawa a iya kashewa:

A allo:
p.add_argument('--goge', action=argparse.BooleanOptionalAction, default=False)

Wannan ya zo da Python 3.9 a watan Oktoban 2020. Layi ɗaya, ya ba ka --goge da --no-goge. Kada ka manta default, in ba haka ba None, wato babu komai, za ka tarar idan ba a rubuta ko ɗaya ba.

Na uku, in lallai sai an rubuta amsa a bayan zaɓin, rubuta naka ma'aikacin. Za ka ci karo da tsofaffin amsoshi a intanet masu cewa a ɗauko wani ma'aikaci mai suna strtobool daga kundin distutils. An cire distutils gaba ɗaya a Python 3.12, a 2023, don haka kada ka dogara da shi.

A allo:
def eh_ko_aa(s):
    s = s.lower()
    if s in ('eh', 'true', '1'): return True
    if s in ('aa', "a'a", 'false', '0'): return False
    raise argparse.ArgumentTypeError('rubuta eh ko aa')

Sai ka sa type=eh_ko_aa, ba tare da baka biyu ba, domin argparse ne zai kira shi, ba kai ba. Na ƙara aa ne da gangan. In ka rubuta a'a tsurarsa a Bash, zai ɗauka ka buɗe zance da wannan ɗigon na sama, ya tsaya yana jiran ka rufe. Ko dai ka sa shi cikin alamar zance mai ƙwaya biyu, ko ka rubuta aa.

Kafin ka saki shirin a kan fayilolin gaske, parse_args yana karɓar jeri kai tsaye, ba sai ka je taminal ba.

A allo:
print(p.parse_args(['hotuna', '--goge', 'aa']))
Namespace(folda='hotuna', kwana=30, goge=False)

Ka duba False ɗin da ya fito, babu alamar zance a jikinsa. Gwada eh, gwada aa, gwada shirme, gwada barinsa babu komai, ka karanta abin da kowanne ya bayar.