Shirun Lauya a Kotu, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa wani lungu na shari'a da ba a cika magana a kansa ba. A ce an tafka kuskure ana tsakiyar shari'ar laifi, lauyan wanda ake tuhuma yana zaune bai ce uffan ba, har aka ɗaure mutum. Sai daga baya a garzaya kotun ɗaukaka ƙara ana neman gyara. Kotun za ta saurara kuwa?

A kotunan tarayyar Amurka, ƙa'ida ta 52(b) ta shari'ar laifuka ta bar ƙofa a buɗe, amma ƙofa ce ƙarama. A shekarar 1993, a shari'ar Olano, Kotun Ƙolin ƙasar ta gindaya sharuɗɗa huɗu. Dole a nuna an yi kuskure, kuskuren kuma a fili yake ba mai gardama a kansa, ya taɓa haƙƙin wanda aka ɗaure har ya iya sauya sakamakon, sannan barinsa zai zubar da mutuncin shari'a a idon jama'a. Ko an cika ukun farko, kotu na da zaɓi a kan na huɗu.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ɗaukar nauyi. Da lauya ya tashi ya ƙi amincewa tun a zaman farko, gwamnati ce za ta wahala wajen nuna kuskuren bai cutar da kowa ba. Amma da ya yi shiru, nauyin ya dawo kan fursuna, shi zai nuna cutar.

Dubi shari'ar Greer ta 2021. Shekara biyu kafin nan, Kotun Ƙoli ta ce kafin a ɗaure tsohon mai laifi saboda riƙe bindiga, sai an tabbatar ya san yana cikin waɗanda aka haramta wa. Shari'ar farko da aka yi wa Greer, tsohon mai laifi da aka ɗaure kan riƙe bindiga, ta gabaci wannan hukunci, ba a yi wa masu yanke hukuncinsa wannan bayani ba. Kotu ta ce ai mutumin da ya yi zaman kurkuku ya san kansa, ta bar ɗaurin yadda yake. A 2018 kuwa, a shari'ar Rosales-Mireles, an ƙirga wani tsohon laifin mutumin sau biyu wajen lissafin wa'adi, ba wanda ya lura, aka yanke masa wata 78. Nan Kotun Ƙoli ta ce irin wannan kuskuren lissafi yawanci ya kamata a gyara shi.

Hujjar masu wannan tsari ba ta banza ba ce. Suna son alƙali ya gyara kuskure nan take, kuma ba sa son lauya mai wayo ya ɓoye kuskure a aljihu, in ya ci shi ke nan, in ya faɗi ya zaro shi a gaba. Na yarda da wannan. Abin da ban gamsu da shi ba, wanda ya yi shirun daban, wanda ke kwana a kurkuku daban.

Mu ma a Najeriya haka abin yake da ɗan bambanci. Batun da ba a tayar a ƙaramar kotu ba, sai da izinin kotu ake kawo shi a kotun ɗaukaka ƙara, in ban da batun hurumi, wato ko kotu na da ikon sauraron ƙarar. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda bai jin harshen kotu damar samun tafinta kyauta. Sai dai tun a shari'ar Gwonto ta 1983, Kotun Ƙolinmu ta nuna cewa wanda ke da lauya, kuma ba a yi ƙorafin rashin tafinta a lokacin ba, da wuya ya ci riba da shi daga baya. To, Bahaushen da ke tsaye a akwatin tuhuma ana ta zuba Turanci a kansa, ta yaya zai san akwai abin da aka tsallake, balle ya taɓo lauyansa ya ce tashi ka yi magana?