Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi, a Madadin Malaman Labarin Ƙasa

Mai girma Ministan Ilimi, shugaban makaranta, iyayen yara da suka samu halarta, 'yan'uwana malamai, ɗalibanmu maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin malaman sashenmu da ɗalibansu, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san nauyin da ke wuyanka, duk da haka ka ware safiyar nan ka zo ka ga aji da idonka. Gani ya kori ji. An sanar da mu cewa kana son ganin yadda muke koyar da darasin dunƙulewar duniya da rawar da fasaha ke takawa a cikinta, to ka ba ni 'yan mintoci in share fage kafin mu shiga.

Wayar salula muke fara ɗagawa a gaban aji, mu tambaya: daga ina wannan ta zo? Yara kan faɗi sunan ƙasa guda. Sai mu baje taswira. Ma'adinin kobalt da ke cikin batirinta, mai yiwuwa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo aka haƙo shi, domin ita ke samar da fiye da rabin wanda duniya ke amfani da shi. Ƙwaƙwalwarta, a Taiwan ko Koriya ta Kudu. Haɗa sassanta, a Sin ko Indiya ko Biyetnam. Kafin ta iso aljihun mai ita, ta taka ƙasashen da shi kansa mai yiwuwa ba zai taɓa takawa ba.

Daga nan mu koma baya, don kada yara su ɗauka abin jiya ya fara. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika. Saƙon gaisuwar Sarauniya Victoria ta Ingila zuwa ga shugaban Amurka James Buchanan, kalmomi 98 kacal, ya ɗauki kusan awa 16 kafin ya gama isa, kuma cikin 'yan makonni wayar ta mutu. Sai a 1866 aka samu mai ɗorewa. Yara kan yi dariya idan suka ji awa 16, har sai mun tuna musu cewa kafin lokacin wasiƙa kan yi kwana goma ko fiye a cikin jirgin ruwa. Muna kuma ba su labarin kwantena, wannan akwatin ƙarfe da ba wanda ke kallonsa sau biyu. A 1956 Malcom McLean ya loda guda 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston, kuma daga nan kuɗin lodi da sauke kaya ya faɗi warwas, har ya zama riba a ƙera abu a wata nahiya a sayar a wata. Sannan intanet: Tim Berners-Lee ya tsara shafukan yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Geneva a 1989, cibiyar ta sake su kyauta ga kowa a 1993. Har yau fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke tsallake nahiyoyi ta igiyoyin ƙarƙashin teku suke bi, kamar saƙon Sarauniya.

Ranka ya daɗe, zuwa nan darasi ne mai daɗin koyarwa. Wuyarsa tana gaba.

Wata rana na gama wannan bayani, na ba da aikin gida: kowa ya binciko hanyar da wani kaya ɗaya ya bi kafin ya iso hannunsa. Washegari wasu suka zo da shafi uku har da hotuna. Wata yarinya, ɗaya daga cikin masu kaifin basira a ajin, ta miƙo mini layi huɗu da ta kwafo daga tsohon littafi, idonta a ƙasa. Da na tambaye ta, ta ce waya ɗaya ce a gidansu, ta babanta ce, kuma ya dawo da ita ba caji. Na tsaya riƙe da jan biro, na rasa makin da zan ba ta. Darasin da nake shirin koyarwa mako mai zuwa, wato tazarar da ke tsakanin masu fasaha da marasa ita, shi ne ke tsaye a gabana sanye da kayan makaranta. Kuma ni ne na ƙara mata tazarar da aikin da na bayar.

Tun daga ranar muka daina raba darussan biyu. Igiyar da ta haɗa duniya ita ce ta shata layin waɗanda aka bari a waje. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum biliyan 2.6, kusan ɗaya bisa ukun 'yan Adam, ba sa amfani da intanet. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu aka ce kowa ya koma karatu daga gida, asusun UNICEF ya ce aƙalla yara miliyan 463 ba su da hanyar bin wannan karatu. Ga wasu hutu ne da kwamfuta a gaba, ga wasu watanni ne da suka salwanta.

Muna nuna wa yara cewa tazarar hawa-hawa ce. Akwai wanda sabis bai kai garinsu ba. Akwai wanda ya kai, amma kuɗin data ya fi ƙarfinsa, ko babu lantarkin caji. Akwai mace da wayar gidan ba ta zuwa hannunta. Akwai kuma wanda duk ya samu waɗannan, ya shiga ya tarar kusan rabin shafukan da Ingilishi aka rubuta su, harshensa kuwa sai an tona. Ni a ganina wannan hawa na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ke yanke hukuncin ko yaro zai zama mai saye da kallo kawai, ko zai sa nasa a kasuwar. Ƙasa sukutum ma tana iya faɗawa ramin: a Janairun 2022 aman wutar dutse ya tsinke igiya ɗaya tilo da ke haɗa Tonga, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, da sauran duniya, aka yi kusan mako biyar kafin a gyara.

Saboda haka, ranka ya daɗe, tunda Allah ya kawo ka, ba za mu ɓoye buƙatarmu ba. Raba kwamfutoci abu ne mai kyau, muna godiya ga duk wanda ya yi. Sai dai kwamfutar da ba wuta, ba malamin da aka horar a kanta, a kabad take ƙarewa da ledarta. Muna roƙon a fara da wutar da za ta riƙe ɗaki ɗaya, da intanet ɗin da ɗalibi zai yi aikinsa a nan makaranta kafin ya tafi gida, da horo ga malamai wanda ya wuce taron kwana ɗaya. Muna kuma roƙon masu tsara manhajar karatu su haɗa darussan nan biyu a babi guda, su ba harsunan yara gurbi a cikinsa.

Yanzu ɗalibai suna jiranka a aji. Sun ja zare kala-kala a kan taswira, kowane zare hanyar wani kaya ko wani saƙo. Yarinyar da na ba ka labarinta ita za ta yi maka bayani, kuma ta ce in gaya maka akwai tambayar da take son yi maka game da wuraren da zare bai kai ba.

Mun gode da zuwanka. Allah ya yi maka jagora, ya mai da kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe.