Hirar Bakin Fada: "Ko sannu bai ce mata ba"

Lawali: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. Ni ne Lawali, ga Habsu, ga kuma Dokta Nana, likitar haƙori, wadda da ƙyar muka samo ta yau. Habsu, ke kika fara turo mani saƙon muryar nan.

Habsu: Ni ma a gurup ɗinmu na ƴan lakwal na tsince shi. Kwana uku ke nan ba a zancen komai sai shi. Bawan Allahn nan da ya kawo mahaifiyarsa daga Miriya a cire mata haƙori, yake ƙorafi kan yadda matashin likitan ya karɓe ta...

Lawali: Ai kowa ya ji, ba sai mun maimaita ba.

Habsu: To, ni dai abin da ya tsaya mani a rai, inda ya ce, "Ko sannu bai ce mata ba." Bai yi kukan kuɗi ba, bai ce an yi aikin banza ba. Haƙorin ma ya fita lafiya lau.

Dokta Nana: Ni saƙon nan sau biyu na saurare shi, kuma wallahi yaron da ake magana a kansa ya ba ni tausayi, ko da ban san shi ba. Don na san yadda aka horo shi. Mu da muka yi karatu a Dakar, kafin a bar ka ka taɓa mutum sai ka daɗe kana aiki a kan wani kai na roba mai haƙoran roba. Ka zo da safe, ka tarar da shi baki buɗe. Ba ya jin tsoro, ba ya azumi, ba ya tunanin kuɗin kabu-kabu. Hannunka ya ƙware a kansa, sannan rana ɗaya a zaunar maka da tsohuwa wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba. In ba a koya maka wani abu dabam ba, yadda ka saba da robar nan haka za ka yi mata.

Lawali: Amma Dokta, gaisuwa ai a gida ake koyonta.

Dokta Nana: A gida ya koya, Malam Lawali, kuma in ka gamu da shi a Birni ko Zango har ƙasa zai durƙusa maka. Da ya sa farar riga sai harshensa ya koma Faransanci, tunaninsa ma haka. Duk karatunsa da Faransanci ya yi, mai ciwon kuwa da Hausa ya zo, ko Barbarci, ko Fillanci. Shi ya sa ɗaliban da ke zuwa sitaj wurina, ranar farko ba na ba su ko madubin duba baki. Ina zaunar da ɗaya a kujera, in kwantar da ita baya, in haska masa fitila a ido, in kunna injin nan mai ƙara kusa da kunnensa. Minti biyu kawai. Sai ka ga ƙato ya damƙe hannun kujera.

Habsu: Ni ƙarar nan ce ta hana ni komawa shekara biyu.

Dokta Nana: Ba ke kaɗai ba. Daga nan sai mu yi wasan kwaikwayo, ni ce mai ciwo. In ce, "Likita, tsutsa ce ke cin haƙorina." In ya yi dariya, ya faɗi. In ya ce mani babu wata tsutsa, nan ma bai ci ba tukuna. Abin da nake so ya ce, "Inna, gaskiyarki akwai abin da ke cinsa, sai dai ido ba ya ganinsa, kuma sukari ne abincinsa." Ka ga bai ƙaryata ta ba, bai kuma yi mata ƙarya ba.

Lawali: Sukari dai, sukari dai. Ni nake ganin da ni ake.

Habsu: Da wa za a yi? Masu saurare, mutumin nan kofin shayi na uku a fadarsu, cokali tsayawa yake a ciki.

Lawali: Sharri ne. Na farko mai ɗaci na maza ne, na uku kuwa na lallashi. Wa zai sha lallashi babu zaƙi?

Habsu: Lallashi sau nawa a wuni? Da hantsi ka dafa, bayan azahar ka dafa, da dare ka dafa.

Lawali: Na dare ba nawa ba ne, Sani ke dafawa.

Habsu: Amma cikin wa yake shiga?

Lawali: To ai ba a ƙin tayin maƙwabci. Kuma ina bin sa da goro, goro yana wanke baki.

Dokta Nana: Ba ya wankewa, rini yake yi. Kuma yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori ya fi yawansa ɓarna, don duk kurɓa ɗaya ƙwayoyin cutar nan sai sun saki tsami a kan haƙori.

Lawali: Habsu, ke da kike cin alewa a ɓoye cikin jaka fa?

Habsu: Ta yara ce.

Lawali: Yaran da ke lakwal tun safe?

Dokta Nana: Ku tsaya, shayin nan ma ya tuna mani. Akwai ɗalibar da ta cire wa wani dattijo matauni, aiki mai kyau, ta rubuta ordonas ta miƙa masa, ya ce "to". Washegari ya dawo jini na zuba. Ashe da fitarsa ya tofar da audugar, ya kurkure baki da ƙarfi wajen alwala, ya zauna ya sha shayi mai zafi. Gudan jinin da ya kamata ya toshe ramin ya fita. Ta ce mani ai ta faɗa masa. Na ce ya maimaita maki? Don "to" ɗin Bahaushe sau da yawa ladabi ne. Sai ki ce, "Baba, in ka je gida Hajiya ta tambaye ka me likita ta ce, me za ka gaya mata?" A nan za ki ji abin da ya shiga. Ya cije auduga kamar rabin awa, kada ya kurkure da ƙarfi sai bayan awa 24, ba abu mai zafi, ba taba. Kuma dole ki kawo maganar alwala da kanki, don shi ba zai tambaya ba.

Habsu: Kunya ke nan.

Dokta Nana: Kunya ita ce rabin aikinmu a nan. Amarya mai cikin fari ba za ta ce tana da ciki a gaban uwar mijinta ba, alhali akwai magungunan da ba ma ba mai ciki. Sai ka nemi dabarar da rakiya za ta fita, ka tambaya a hankali. Namiji kuma kana ganin gumi na keto masa, ka ce da zafi, ya ce da sauƙi. Shi ya sa kafin in fara nake cewa, "In ka ɗaga hannun hagu zan tsaya." Kuma in ya ɗaga, in tsaya ɗin. Sau ɗaya ka ƙi tsayawa, ka gama da shi, ka gama da gidansu. Haka allurar kashe zafi: ka gaya masa gaskiya, zai ji ana dannawa ana girgizawa, zafin ne ba zai ji ba, leɓe kuma zai yi nauyi awa biyu ko uku. In ka ce ba zai ji komai ba, da ya ji motsi sai ya ɗauka allurar ba ta kama ba.

Lawali: Ni kakata wanzami ne ya cire mata da awartaki, har ta rasu tana yabonsa.

Dokta Nana: Don ya zauna kan tabarmarta, ya tambayi jikoki da sunansu, ya saurare ta har ta gama. Awartakinsa nake tsoro, saboda cutar da ake ɗauka ta jini da saiwar da ke karyewa a ciki, amma zamansa nake so ɗalibaina su koya. A Amurka an yi wani bincike a 1984, aka ga likitoci na katse mai ciwo bayan daƙiƙa 18 da fara maganarsa. Ni nakan ce wa nawa su ƙirga minti ɗaya cur a zuci kafin su sa baki.

Habsu: Amma Yaya Nana, layi fa? Ranar Alhamis, ranar kasuwa, mutanen Magarya da Matamaye da Tanut duk sun shigo.

Dokta Nana: Layin gaskiya ne, gajiyar ma gaskiya ce. Sai dai minti ɗayan nan shi ke hana mutum dawowa da jini gobe. Kuma akwai abin da ya fi haƙori. Kun san ciwon noma, mai cin fuskar yara ƴan shekara 2 zuwa 6. Daga kumburin dasashi yake farawa, da warin baki, a jikin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana. A wannan matakin magani na tsayar da shi. In aka bari, mafi yawansu ba sa rayuwa. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma nan garin ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana karɓar yaran. Uwar da aka daka wa tsawa yau don ta makara, ita ce gobe za ta ga dasashin ɗanta na jini ta ce bari a gwada na gida tukuna. Wannan ne ke hana ni barci. Kuma ɗalibi a bakin malaminsa yake ɗaukar tsawar, don haka mu manya...

Lawali: Dokta, ki yi haƙuri, an fara kiran la'asar. Mun yi alkawarin karanta saƙonnin masu saurare, ga kuma shawarwari biyar da kika rubuto.

Dokta Nana: Ko ɗaya ban karanta ba.

Habsu: Akwai wadda ta tambaya daga Garin Malam, ɗanta ɗan shekara 6 ya yi kogo a haƙorin can ƙurya, wai ta bari ya yi famfara?

Dokta Nana: A'a, ta kawo shi. Na ƙuryan nan da ke fitowa a shekara 6 ba ya famfara, na dindindin ne. Ta kawo shi cikin satin nan.

Lawali: Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Habsu, miƙo mani butar nan.