Bayan tiyatar rage ƙiba: yadda ake bibiyar gwajin jini

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Zariya. Darasin yau na waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ne, da masu jinyarsu. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, Hajiya. Yawancin masu zuwa wurinmu da wannan aiki ba a garin nan aka yi musu ba. Wani Abuja, wani Legas, wani Masar ko Indiya. Likitan da ya yi aikin yana can, wanda aka yi wa aikin yana Tudun Wada ko Samaru. To wa zai duba shi? Abu na farko, kafin ka baro asibitin ka karɓi takardar bayanin tiyatar. Mu san wace iri ce: siliv ce, wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ko baifas ce, wadda ake rage tumbin a kuma karkatar da abinci ya tsallake farkon hanji. Gwajin nasu ba ɗaya ba ne.

Mai gabatarwa: Yaushe ake fara gwajin?

Likita: Wata 3, wata 6, wata 12, daga nan sau ɗaya a shekara har ƙarshen rayuwa. Jerin abin da ake dubawa: ƙididdigar jini gaba ɗaya, feritin (wato ajiyar ayon, sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi), bitamin folet, bitamin B12, bitamin D, kalsiyam, PTH (sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini), da aikin ƙoda da hanta. Mai baifas a ƙara masa gwajin sinadaran zink da kofa (jan ƙarfe) duk shekara. Mai ciwon suga kuma HbA1c, wanda ke nuna yadda sugansa ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce.

Amma ga inda nake so a tsaya a saurara da kyau. Mutanenmu in an ce gwajin jini, PCV suka sani. Mace za ta shigo tana murmushi, ta ce Likita an auna, jinina 38 ne, lafiya lau. Ki duba feritin ɗinta, ya kusa ƙarewa. PCV abincin da ke cikin tukunya ne, feritin kuwa rumbu. Rumbu kan ƙare tun ana ci ana ƙoshi. Sinadarin ayon a farkon hanji jiki ya fi tsotsarsa, wurin da baifas ta tsallake ke nan, ga jinin al'ada duk wata. Kasala da jiri da haki in an hau bene suna iya rigan PCV sauka. Sannan feritin yakan hau na ƙarya idan jiki yana fama da zazzaɓi. Kada ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro jiya ka je gwaji yau, bari ka warware.

Mai gabatarwa: To wanda ya ga ayon ɗinsa ya ragu, sai ya sayi magani a kemis?

Likita: Ya fara nuna wa likita takardar. In an rubuta masa, kada ya kora da shayi, shayi yana hana ayon shiga jiki. Kada kuma ya haɗa shi da kalsiyam, a bar tazarar awa 2 tsakaninsu. Wani ƙwayar ba ta yi masa, sai an ba shi ta jijiya.

B12 kuma mai wayo ce. Hanta tana ajiye ta na shekaru, saboda haka shekarar farko sakamako zai fito tsaf, mutum ya ce ai ni na tsira, ya watsar da magani. Sai daga baya tafin ƙafa ya fara yi masa kamar ana tsira allura, ga mantuwa, ga tangaɗi in yana tafiya cikin duhu. Tumbi ne ke samar da abin da ke riƙo B12 ya shigar da ita jiki, an kuwa rage tumbin. Shi ya sa da yawa ake sa su a kan allura duk wata 3. Idan jijiya ta daɗe da lalacewa, ba lallai ta dawo daidai ba.

Bitamin D, kar a ce ai muna da rana. Wadda ke wuni a cikin gida, in za ta fita ta rufe jiki, tana iya rasa shi a tsakiyar bazarar Zazzau. Ku kuma lura da ma'aunin da lab ya rubuta: 30 a ma'aunin ng/mL daidai yake da 75 a ma'aunin nmol/L. Na sha ganin wanda ya tayar da hankalin gida saboda ya gwada takardar Indiya da ta Sabon Gari. Shawarata, lab ɗaya, fayil ɗaya, takardu a jere bisa kwanan wata, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Da ka je asibitin koyarwa na Shika ko wani asibitin, likita yana son ganin inda lambar ta dosa, hawa take ko sauka.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah ta aiko, gashinta yana zuba.

Likita: Tsakanin wata 3 zuwa 6 wannan sananne ne, kuma yakan tsaya. Ta kula da furotin, aƙalla giram 60 a rana: ƙwai, kifi, kaza, wake, nono. Su za ta fara ci kafin tuwo, tunda cikin ba ya ɗaukar da yawa. In tana shan bitamin bayotin don gashi, ta faɗa kafin gwaji, yana ɓata sakamakon gwajin tayirod, ƙullin nan na wuya.

Akwai kuma abin da ba a jiran ranar gwaji. Amai da ya ƙi tsayawa, musamman in ya zo da ruɗewa ko gani bibbiyu ko kasa tsayuwa, a tafi asibiti nan take. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce 'yan makonni. A ce wa ma'aikata an yi tiyatar rage ƙiba, don su ba da B1 kafin ƙarin ruwa mai suga. Haka baƙin bahaya, ko ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, wanda kan zama tsakuwar maɗaciya. Ibuprofen da diclofenac a nisance su, suna kawo gyambon ciki a wurin ɗinki. Mai shan maganin suga ko na hawan jini, kada ya ci gaba da tsohon adadi ba a sake auna shi ba. Juna biyu a jinkirta wata 12 zuwa 18, kuma bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ba abin dogaro ba ce, a tambayi wata hanyar.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya, Likita. Azumi fa?

Likita: Shekarar farko ba na ba da shawarar a yi, domin mai wannan aiki kurɓi-kurɓi yake shan ruwa duk wuni, ba zai iya rama shi tsakanin magariba da asuba ba. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa a tambayi malamai. Bayan shekara, ya zo da sakamakonsa tun cikin Sha'aban mu duba tare. In an ba shi dama, kada ya buɗe baki da kunu mai zaƙi ko lemon kwalba, zai jawo masa gumi da bugun zuciya da gudawa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Mako mai zuwa za mu shiga batun abinci a watan farko.