Faɗa-wuta Biyu, Ɓarna Ɗaya: Tsutsar Kara a Fadamunmu

Jama'a, ga wasu faɗa-wuta guda biyu da suka sauka jikin fitila a bakin fadama, nan wajen Auyo. Dukansu masu ruwan ƙasa, da dare suke tashi, kuma dangi ɗaya ne. Masana suna kiran ta farko Sesamia calamistis, ta biyu Busseola fusca. Mu manoma, 'ya'yansu muka fi sani: tsutsar kara.

Kowacce tana saka ƙwai a ɓoye, tsakanin kara da gindin ganyen da ya rungume shi. Tsutsar kowacce kuma tana cinye cikin shuka har tsakiyarta ta bushe, ka ja ta fito a hannunka.

To, ku tsaga karan. In tsutsar ta fito sumul, jaja-jaja tana sheƙi, Sesamia ce. Ta Busseola fara-fara ce, da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Uwar ma fukafukanta sun fi duhu.

Amma babban bambancin a hali yake. 'Ya'yan Busseola, da ƙyanƙyashewa sai su hau can tsakiyar sabbin ganyen masara ko dawa, su yi kwanaki suna ci. Shi ya sa ganye in ya buɗe kake ganin huji a jere. A wannan lokacin magani yana samunsu. Ita kuwa Sesamia ba ta wannan yawon. Daga inda aka ƙyanƙyashe ta take huda kara ta shige. Kafin ka ankara, aikin gama ya gama. Kuma ba ta zaɓen abinci: shinkafa, rake, masara, har ciyawar bakin ruwa.

Rani fa? Busseola kwanciya take yi cikin busasshen kara, wata da watanni, sai ruwa ya sauka. Karan da muke tarawa don danga da makamashi, nan ne ɗakinta. Don haka a babbaka karan sama-sama bayan girbi, yana rage ta sosai, kuma karan bai lalace ba.

Sesamia ba ta barcin rani. Muddin akwai ɗanyen tsiro, haihuwa take yi. Wannan ne abin da ya fi damuna game da masu noman rani a Kadawa da Haɗeja, inda kore ba ya yankewa. Ku riƙa zaga gona tun shuka tana ƙarama, wadda tsakiyarta ta bushe ku tumɓuke ta ku ƙone.