Shin Kwasa-kwasan GST Suna Shiga Lissafin CGPA?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk lokacin da sakamakon zango ya fito, magana ɗaya ce take yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da na ABU Zariya, wai GST, wato kwasa-kwasan ilimin bai-ɗaya, ba ya taɓa CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na duk zangunan da ya yi, kuma ko an faɗi, da zarar an sake rubutawa an ci, tsohon sakamakon ya goge. Duka biyun ba haka suke ba.

Waɗannan kwasa-kwasai na GST, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ce ta wajabta su a kan kowane ɗalibin digiri na farko, ko likitanci yake karantawa ko Hausa. A tsarin manhajar jami'o'i mai suna CCMAS da hukumar ta ƙaddamar a Disamba 2022, ɗan aji ɗaya zai yi Turanci da kuma al'ummun Najeriya da al'adunsu, a aji biyu falsafa da manɗiƙi, a aji uku zaman lafiya da sasanta rikici, wanda mu 'yan Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfaninsa ba. Sai kwas biyu na koyon dogaro da kai. Kowanne yunit 2 ne (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), jimilla 12. Tsofaffin ɗaliban ABU da sunan GENS suka san irinsu.

To, ga inda ake tuntuɓe, don haka ku dubi lissafin da kyau. A ce ɗaliba ta yi rajistar yunit 20 a zango guda, 18 na sashenta, 2 na GST, kuma kwasa-kwasan sashen sun ba ta maki 66. Idan ta samu A a GST, wato maki 5 sau yunit 2, an ƙara mata 10, sai a raba 76 da 20, ta tashi da 3.80. Idan kuwa F ta samu, ba a ƙara mata komai ba, amma yunit 2 ɗin suna nan daram a cikin 20 da za a raba da su, sai ta tashi da 3.30. Ku tuna cewa digiri mai daraja ta biyu babba daga 3.50 yake farawa. Kwas ɗin da ta riƙa tsallake laccarsa saboda zauren ya cika har wasu suna zaune a kan taga, shi ne ya sauke ta daga wannan matsayi.

Keri-oba, wato maimaita kwas ɗin da aka faɗi, kuma ba ya wanke faɗuwa. Sai shekara ta zagayo za ta sake rajistar kwas ɗin a zangon da ake koyar da shi, kuma idan ta samu C, wato maki 3 sau yunit 2, an ba ta 6, amma yunit 4 aka lissafa mata a kansa, na farko da na biyu. A ganina wannan ne ya fi cancanta a faɗa wa sababbin ɗalibai ranar rantsar da su, fiye da dogayen jawabai.

Saura abu ɗaya. Yunit 24 ne iyakar abin da ɗalibi zai ɗauka a zango, saboda haka keri-oba yana cinye gurbin wani kwas na sashe. Wanda kuma ya kai ajin ƙarshe da GST ɗaya a wuyansa, ba zai kammala ba, sunansa kuma ba zai shiga jerin masu tafiya bautar ƙasa ba sai ya dawo ya ci shi.